Matattun rediyoyin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon kafinta a ƙofar gidanmu a cikin garin Bauchi, mahaifiyata ta sa ni wani aiki da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Ni ba mutumin rubutu ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Duk wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce, labarin kawai nake so ku ji.

Inna, haka muke kiranta, idonta ya fara rauni tun bayan rasuwar mahaifinmu. Tana ganin inuwar mutum, tana bambance dare da rana, amma karatu da tsintar shinkafa duk sun gagara. Abin da ya rage mata shi ne rediyo. Da asuba karatun Alƙur'ani, da hantsi labarai, da yamma tafsiri da gaishe-gaishe. Ni da nake yawo a gari ta fi ni sanin abin da duniya ke ciki. In na shiga gaishe ta, kafin in zauna ta tare ni da maganar taki da ta 'yan majalisa.

Matsalar ita ce irin rediyoyin da ake sayarwa yanzu. Kun san su, ƙananan nan na roba da ake yi wa caji, masu cin memori. Ga kyau a ido, ga araha, amma ba sa shekara. Rana ɗaya sai ta ƙi ɗaukar caji, bayanta ya kumbura kamar burodi, shi ke nan. Ni in sayo, ƙanwata da ke aure a unguwar Gwallameji ta sayo, wani jika ya zo yawon sallah ya kawo. Ban taɓa tambayar ina matattun suke tafiya ba. Ina ruwana, na ɗauka yara ke kwashewa su yi wasa.

Sai wata shekara gab da azumi muka fitar da kayan ɗakinta za a yi shafe. Na jawo wata babbar kwalla daga ƙarƙashin gado, na ji ta da nauyi. Na buɗe. Rediyoyi ne cike, ja da baƙa da shuɗiya, an naɗe su a cikin zane mai tsabta, har da ƙanshin turaren wuta.

Na ce, "Inna, wannan kuma tarkacen mene ne? Bari in kai bola."

Ta ce, "Ajiye. Bolar gidanku."

"Ai sun mutu, Inna."

"Na san sun mutu, ni na yi jinyarsu. Abin da ya yi wata da watanni yana karanta mini littafin Allah, shi zan jefa inda akuya ke fitsari? Kai in ka ga takarda mai aya a ƙasa tsallakewa kake yi?"

Na je na sami limamin unguwarmu bayan la'asar na yi masa bayani. Ya yi murmushi ya ce rediyo ba takardar Alƙur'ani ba ce, babu rubutu a jikinta, babu laifi in an yar. Na dawo da murnata na isar da saƙo. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa sani. Amma ni zuciyata ba ta kwanta ba." Wanda ya san tsohuwar nan ya san an rufe magana.

Da ta ga na dame ta da cewa wasu sun fara tsiyayar da wani ruwa mai wari, sai ta yanke hukunci da kanta. Ta ce a yi musu yadda ake yi wa tsohuwar takardar Alƙur'ani in ta yayyage. A ƙona su a wuri mai tsabta, a binne tokar.

Ni kuwa na ga ai wannan magana ce ta hankali.

Washegari da hantsi na share wani gefe a bayan gida, tsakanin rijiya da garken awakin maƙwabci. Na kwaso ɓawon katako daga shago, busasshe ƙarau, na tara. Har alwala na yi, don Inna ta ce kada in taɓa su da ƙazamin hannu. Na ɗora guda biyu tukuna, na ƙyasta ashana, na tsaya a kansu na naɗe hannu a ƙirji kamar mai jiran a ta da salla. Robar ta fara narkewa, baƙin hayaƙi ya tashi mai shiga har maƙoshi. Na sunkuya zan gyara wutar da sanda.

Fau!

Wallahi na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe a fuskata. Wuta ta yi tsiri, wani gutsure ya wuce ta gefen kunnena ya daki kwanon banɗaki. Kafin in farfaɗo ta biyun ma ta amsa. Awakin maƙwabci suka tsinke igiya suka haura katanga, kaji suka bi su. Ni kuwa sai na tsinci kaina zaune a cikin kwatami, hulata a wani wuri, ina tari kamar zan amayar da huhu. Na shafa fuska na ji gemuna ɓangaren dama ya tafi, sai ƙauri.

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Kai! An gama?"

Na ce, "Saura kaɗan ni a gama da ni."

A daidai lokacin keke ya sauke 'yata ta fari a ƙofar gida. Tana jami'a a lokacin, tana karatun kayan lantarki, takan zo ƙarshen mako. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma yabonsa a gaban mutane. Tun tana goye "ke" nake ce mata, ita ma ta saba. Ta shigo da jaka a kafaɗa, ta dubi hayaƙi, ta dube ni a kwatami da rabin gemu. Ta yi ƙoƙari, na shaida mata. Ta toshe baki da gefen hijabi, amma dariyar ta fi ƙarfinta, sai da ta durƙusa.

Da ta ji abin da na ƙona, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Baba, batir ɗin caji kuka sa a wuta? Da ido ya samu fa? Wannan hayaƙin ma da kuka shaƙa guba ne."

Na ce, "To na ji. Sauran sai in haƙa rami in binne."

Ta nuna rijiya. "A nan? Damina ta zo ta wanke abin da ke cikinsu ya gangara ruwan da muke sha?"

"Ke, ba a ƙonawa, ba a binnewa, kakarki ta hana bola. Cinyewa zan yi?"

Inna duk tana jinmu. Da muka shiga ɗaki ta sa hannu ta lalubi fuskata, ta taɓa inda gemu ya ƙone. Rediyon da take amfani da ita a lokacin ma ta fara kumburi, kwana kaɗan ta bi 'yan uwanta. Na ce zan leƙa kasuwa. Inna ta ce, "Kada wanda ya sake sayo mini. Abin da in ya mutu ba ni da inda zan kai shi, har yana neman kashe mini ɗa, na haƙura da shi."

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe da gaske take. Ƙanwata ta sayo wata sabuwa a kwali, Inna ta ce ta mayar. Azumi ya kama, shekarar farko da ta yi ba ta ji tafsiri ba. Ɗakin ya yi tsit. In na shiga sai in same ta zaune ta fuskanci bango, carbi a hannu ba ta ma ja. Ta daina tare ni da labari, ta fara barcin rana mai tsawo, kunun buɗa-baki ma sai an yi da gaske take kurɓa. Wata rana ta tambaye ni ko yau wace rana ce. Matar da take gyara mini kwanan wata. A nan na tsorata. Ido ya riga ya tafi, ga shi kunne ma mun bar shi babu abinci.

'Yata ce ta ce mu ɗauki kwallar mu kai wa abokina. Abokin nan nawa mai gyaran rediyo ne, mutumin kudancin jiha, Kirista, tun muna samari muke tare. Da ya ga fuskata, don na aske ɗaya ɓangaren ma ya zo daidai, sai ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Sannu ango! Yaushe aka ɗaura ba a gayyace mu ba?"

Na ce, "Injiniyan banza, duba mana waɗannan ka bar surutu."

Ya juya guda ɗaya a hannu yana neman noti. Babu. Ya ɗauki wata. Babu. Ya ce, "Ka gani ko? Shi ya sa na daina karɓarsu. Da gam aka liƙe. Sai ka fasa kafin ka ga cikinta, in ka fasa kuma da me za ka rufe?" 'Yata ta ce ya fasa kawai. Suka sa wuƙa da guduma suna ɓarewa kamar masu ɓare gyaɗa, ita tana ɗora wasu wayoyi guda biyu tana duba allurar na'urar awon wuta. Can sai ta jona wani batir daga waje, kawai muka ji murya ta fito daga cikin ɓararriyar rediyo, mai labarai yana magana tiryan-tiryan. Ta gwada ta gaba, ita ma haka. Kusan dukkansu lafiyarsu ƙalau. Batir ne kaɗai ya mutu, shi ma an liƙe shi a ciki yadda ba za a canza ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato kamar ni in yi wa mutum ƙofa, ranar da makulli ya lalace in ce sai dai ya rushe ɗakin ya sake gini?"

Abokina ya ce, "Haka. Kuma ya dawo wurinka sayen ƙofa."

Na zagi wanda ya ƙera, na zagi wanda ya koya masa. Ban san su ba, amma na ji daɗi.

Da muka koma gida 'yata ta zauna a bakin gadon kakarta. Su biyun dama wasan jika da kaka suke yi. Ta ce, "Tsohuwa, in ni zan haɗa miki rediyo da hannuna, wace iri kike so?"

"Wadda ba ta mutuwa."

"Wannan sai Allah."

"To wadda in ta yi ciwo za a yi mata magani, ƙawata. Ba wadda ciwon kai kaɗai zai kai ta lahira ba."

Yarinyar ta yi ta tambaya, ni ina bakin ƙofa ina ji. A nan na san abin da ban taɓa sani ba, ni da nake sayo mata. Ashe 'yan madannan nan ƙanana ba ta jin su a yatsa, da tsinken tsintsiya take lalube tana dannawa. Ashe in ta danna ba daidai ba wata mata ce take yi mata Turanci daga ciki, ita kuma ta rasa hanyar komawa. Ashe in babu wuta sai ta jira wani ya kai mata caji, ita kuwa ba ta son aike. Ta ce ita abin murɗawa take so irin na da, da mariƙi da za ta rataya a ƙusa.

Aka raba aiki. 'Yata da abokina za su haɗa cikin daga kayan matattun, ni zan yi akwatin. Ta zana mini a jikin katako, ta ce bayan ya zama mai buɗewa.

To a nan kafinta ya motsa. Na ce rediyon uwata ce, ba zan yi aikin wasa ba. Na ɗauko wani katakon maɗaci mai kauri da na daɗe ina ɓoyo, na sassaƙa, na goge har yana ɗaukar ido. Da suka kawo kayan cikin na jera su yadda ta nuna, ita ta koma makaranta. Na ɗora murfin baya na ga kan noti zai ɓata mini kyan aiki. Mu a sana'armu aikin da ya amsa sunansa shi ne wanda ba a ganin mahaɗinsa. Hannuna da kansa ya tafi wurin gwangwanin gam. Na shafa, na matse, na bar shi ya kwana. Wallahi ko ɗar ban ji ba.

Ranar da ta dawo na miƙa mata ina shafa haɓa. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Baba, ta ina ake buɗewa?"

Na dubi murfin, na dubi gwangwanin gam.

Abokina yana wurin, don shi ma ya zo ganin aiki. Ya kwanta a kan bencin shago yana dukan cinya. "Kafinta! Ashe kai ne mai kamfanin! Ranar nan kanka kake ta zagi?"

Aka kai wa Inna ta ɗaga, ta kasa da hannu ɗaya. Ta ce, "Wannan rediyo ce ko turmi?"

Haka na sa kurfi na ɓare aikina da hannuna. Na sake wani da guntayen farin katako marar nauyi, irin waɗanda nake ba mata su hura wuta. Wannan karon yarinyar tana tsaye a kaina. Murfin baya da noti, masu faɗin tsaga yadda ko gindin cokali zai kwance su. Batir mai caji irin na tocilan da ake samu a kowace kasuwa, yana zaune a gurbinsa, a zare a sa wani. Abin murɗawa biyu manya, na fafe su da kaina, na ƙara murya zagayayye, na neman tasha mai kusurwa, don yatsa ya bambance ba sai ido ba. Sai ɗan farantin sola da doguwar waya da za a ɗora a kan katanga. Ban taɓa aiki a ƙarƙashin 'yata ba sai ranar. Tana cewa "Baba, a rage nan," ina cewa "to". Ba ta da sauƙi, irin kakarta ce.

Muka shiga da ita bayan azahar, ana cikin goman ƙarshe. Inna ta ce, "Na ce kada a sayo."

'Yata ta ce, "Ba a sayo ba, tsohuwa. Naki ne na cikin kwalla. Sifikar daga wata, cikin daga wata, akwatin kuma ɗanki ne ya yi, sau biyu."

Ta ɗora mata a cinya, ta kama yatsunta ta kai kan zagayayyen. Inna ta murɗa. Aka ji ƙas, sai shuuu. Ta lalubi mai kusurwar da kanta, ta juya a hankali, sai ga muryar mai jan baƙi ta cika ɗakin. Inna ta karkata kai ta kasa kunne. Can ta ce, "Wannan muryar jar nan ce. Wadda aka kawo mini daga Gwallameji. Ita ce mai ɗan kauri."

Abokina daga bakin ƙofa ya ce, "Wallahi ita ce, Inna. Daga jar muka ciro."

Sai tsohuwa ta fashe da dariya, haƙoranta biyu a waje, tana shafa akwatin tana cewa, "Sannu da dawowa. Sannu da dawowa." Ta sa aka juya mata bayan, aka ba ta cokali, ta kwance noti da kanta, ta zare batir murya ta ɗauke, ta mayar murya ta dawo. Ta yi haka ya fi a ƙirga, kamar yarinya ta sami abin wasa. Daga nan ta ce a dama mata kunu da kauri yau.

'Yata ta ɗago ta dube ni. Na san abin da take jira. Ni kuwa al'ada ta riƙe mini harshe. Na ce, "Ba laifi." Na fita da sauri kamar ana kirana a shago. Da aka sha ruwa na dawo da tsire mai yawa na ajiye a gabanta. Ta gane.

Sauran kayan kuwa, Inna ta ce tunda bakin da ya yi karatun an cire shi, ɓawon robar ba ruwanta da shi, mai sayen tsohuwar roba ya ɗauka. Sifikokin da suka rage ta ba abokina sadaka, ya sa wa masu kawo gyara. Ya ce, "Inna, in wanda zan sa wa waƙar coci zai ji fa?" Ta ce, "Ya ji abinsa, ɗan nan. Ba dai bola ba." Matattun baturan 'yata ta liƙe bakinsu ta tafi da su inda ta ce ana tara irinsu. Abin da ake yi da su daga can ban sani ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai san ba su shiga rijiyarmu ba.

Yau in na riƙe wani abin lantarki a kasuwa, kafin in tambayi komai sai na juya bayansa. In na ga noti, na san wanda ya yi shi ya tuna cewa abu yana lalacewa, kuma talaka gyara yake yi. In na ga an liƙe sumul, sai in ajiye. Ban iya manyan kalmomin da 'yata take faɗa a kan wannan ba. Abin da na sani shi ne duk wanda zai ƙera abu, ya kamata ya zauna a bakin gadon wanda zai yi amfani da shi ya tambaye shi, ya kuma san inda abin zai kwana ranar da ya mutu. Mu nan babu mai zuwa ya kwashe mana. A bayan gidajenmu yake ƙarewa, kusa da ruwanmu da awakinmu.

Yarinyar ta gama karatu, tana aiki, ta yi aure. Rediyon tana nan. An canza mata batir, an canza waya, ɓera ya taɓa cin wani abu a ciki abokina ya gyara kafin shayinsa ya huce. Inna ma tana nan, ta ƙara tsufa, tashi sai an kama ta. Makon jiya na shiga na tarar tana ƙoƙarin miƙewa daga tabarma, rediyo na rataye tana ta zuba labarai. Na kama hannunta na ɗaga ta, tana nishi tana dariya.

Ta ce, "Kai, da gwiwoyin nan ma da noti aka ɗaura su, da tuni na aike ka kasuwa."